Me Ke Sa Madarar Shanun Gida Tsinkewa Idan an Ɗora Ta a Wuta?

"Assalamu alaikum Likita. Ni mazauniyar unguwar Mabera ce a cikin garin Sakkwato. Ina da shanu 2 Gudali a ɗaure a bayan gida, kowace da ɗan maraƙinta, kuma akwai yaron da ke tatsar mini su safe da yamma. Tun da zafi ya shigo, sau da yawa idan na ɗora madarar a wuta sai ta tsinke, wani lokaci kuma kindirmon ya ƙi kamawa, ko ya yi yauƙi. Wasu sun ce mini abincin ne, wasu sun ce baki ne. Jikokina kuma suna shan madarar da ɗuminta da zarar an tatso. Mene ne matsalar, kuma yaya zan gyara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah Ya sanya albarka a dukiyar, Ya raya zuri'a. Idan na fahimci tambayarki da kyau, abubuwa uku ne a cikinta: madarar da ke tsinkewa a wuta, kindirmon da ba ya kamawa, da kuma yaran da ke shan ɗanyar madara. Biyun farko su ne suka dame ki har kika rubuto, amma na ukun ne ya fi tsaya mini a rai, kuma zan zo kansa. Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, saniya mai lafiya tana ba da madara kusan tsarkakakkiya, kuma mafi yawan ɓacin da ke samun madara yana faruwa ne a cikin awanni 2 na farko bayan ta bar hantsa, daga hannun mai tatsa, da mazubin da aka tara ta, da zafin gari.

Madara kusan kashi 87 cikin 100 nata ruwa ne, sauran kuma maiƙo ne, da furotin, da wani irin sukari mai suna laktos, da ma'adinai. Abin da ya sa take gina jikin ɗan Adam shi ne ya sa take ciyar da ƙwayoyin bakteriya. Idan waɗannan ƙwayoyi suka shiga, sai su riƙa cin sukarin suna mayar da shi tsami. Da farko harshe ba ya jin tsamin, hanci ma ba ya ji, madarar tana nan fara sol kamar babu abin da ya same ta. Amma furotin ɗin da ke cikinta ya riga ya raunana, don haka da zarar wuta ta taɓa ta sai ya dunƙule, ruwa ya ware gefe guda. Wannan shi ne tsinkewar da kike gani. Ma'aikatan da ke karɓar madara a wuraren tarawa ma da wannan suke gwada ta: su ɗebi kaɗan su ɗora a wuta, idan ta dunƙule su mayar wa mai ita.

Dalilin da ya sa abin ya bayyana da shigowar zafi ba ɓoyayye ba ne. Madara tana fitowa daga jikin saniya da ɗumin da ya kai digiri 37 zuwa 38, kuma a garinmu daga watan Maris zuwa Mayu rana kan wuce digiri 40, don haka madarar da aka ajiye a tsakar gida ba ta samun damar hucewa ko kaɗan. Allah Ya sanya wa sabuwar madara wata kariya ta halitta da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa na kimanin awanni 2 zuwa 3, kuma yawan datti da zafi suna gajarta wannan lokaci. Bayan nan, a irin wannan ɗumi, wasu ƙwayoyin suna iya ninka yawansu a duk minti 20. A hunturu sanyin asuba yana rufa wa dattin mazubi asiri, sai bazara ta zo ta tona. Ina kyautata zaton kuskuren da ke gidanki ya daɗe ana yin sa, yanzu ne kawai yanayi ya fito da shi fili.

Akwai wasu dalilan da ba na tsafta ba. Dakashi, wato nonon farko bayan haihuwa, yana dunƙulewa a wuta ko da an tatse shi cikin cikakkiyar tsafta, shi ya sa ba a haɗa madarar kwanaki 4 zuwa 5 na farko da sauran madara. Wannan haƙƙin maraƙi ne, kuma yana bukatarsa tun cikin awanni 6 na farkon rayuwarsa. Madarar saniyar da ta yi nisa da haihuwa har nononta ya kusa ƙafewa ita ma ba ta jure wuta sosai. Sai kuma ciwon hantsa, wanda shi ne babban abin zargi bayan mazubi. Abinci yakan canza yawan madara da maiƙonta da ƙamshinta, amma ba kasafai yake zama sanadin tsinkewa ba. Batun baki kuwa, addu'a a kan dukiya abu ne mai kyau kuma ki ci gaba da yi, sai dai an umarce mu da ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Gwajin da zai nuna inda laifin yake

Kafin ki kashe ko sisi a magani, ki yi wannan gwaji gobe da asuba, kuma ki tsaya a wurin da kanki. Ki samo kofunan silba ko na tangaran guda 2, ki tafasa su a ruwa, ki bar su su bushe a kife ba tare da an goge su da tsumma ba. A wanke kan nonon kowace saniya a tsane, a zubar da tsartuwar farko, sannan a tatsi kamar rabin kofi kai tsaye daga kowace saniya a kofinta daban. Ki ɗora kowanne a wuta nan take, a tukunya mai tsafta. Sauran madarar kuma a bar yaron ya tara ta yadda ya saba, a mazubin da ya saba, ki ajiye ta tsawon lokacin da kika saba ajiyewa kafin ki dafa.

Idan madarar kofunan ta tafasa lafiya, ta mazubin kuma ta tsinke, to shanunki ba su da laifi. Matsalar tana ga mazubi, ko mataci, ko hannu, ko jinkiri. Idan ta saniya ɗaya ta tsinke tun tana sabuwa, ta ɗayar kuma ta yi lafiya, to wannan saniyar ce za a bincika, kuma a daina haɗa madararta da ta 'yar'uwarta. A irin kiran da ake yi mini a kan wannan matsala, sakamakon farko ne ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Mazubi da mataci

Akwai wani gida da aka kira ni a wajen Arkilla wata bazara, mai gidan ya riga ya sayi allurai kala biyu an yi wa saniyar, madara kuma ba ta daina tsinkewa ba. Na duba hantsa na same ta laushi, babu zafi, babu kumburi. Sai na ce a kawo mini abin da ake tara madarar. Aka kawo wata jarkar roba ta lita 4, irin wadda ake sayar da man girki a ciki, an wanke bayanta tas har tana ƙyalli. Na buɗe murfin na shinshina, ƙarni ya doki hancina. Na nemi izini na yanka ta biyu da wuƙa a gabansu. A kusurwoyin ƙasa da cikin mariƙin, inda soso bai taɓa kaiwa ba, akwai wani farin abu mai kauri da ya manne, idan ka kankare shi da farce sai ya taso kamar danƙo. Duk madarar da aka zuba a jarkar nan tana samun irin tsami ne tun daga minti na farko. Aka canza zuwa bokiti mai faɗin baki, kuma tun daga washegari magana ta ƙare.

Ƙa'idata a kan mazubi ita ce, duk abin da hannunki ba zai iya shiga ya taɓa ko'ina a cikinsa ba, bai dace da madara ba. Mafi kyau shi ne bokitin silba marar tsatsa, sai na alminiyam, mai murfi, wanda ba a amfani da shi don komai sai madara. Ba na raina ƙwarya, domin iyayenmu Fulani sun yi shekaru aru-aru suna tatsa a cikinta, kuma duk wanda ya ga yadda matan ruga ke wanke ƙorai su jera su a rana ya san ba da wasa suke riƙe ta ba. Sai dai jikin ƙwarya yana tsotse madara, kuma wannan yana taimakon mai son nono ya yi tsami da wuri, amma yana cutar mai son ajiye madara sabuwa. Ƙwaryar da ta tsage aka ɗinke ta, a mayar da ita ta awon dusa. Robar da ta ƙarce a ciki ita ma haka.

Wankin kansa yana da tsari, kuma a nan ne mutane da yawa masu ƙoƙari suke kuskure. Da zarar an juye madara, a fara ɗauraye mazubin da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, domin idan aka fara da tafasasshen ruwa sai ya dafa ragowar furotin ya manne shi a jikin mazubin. Bayan ɗauraya sai a wanke da ruwan zafi da sabulu da soson da aka ware don wannan aiki kaɗai, a sake ɗaurayewa, a kwarara tafasasshen ruwa a ƙarshe, sannan a kife shi a kan wani abu mai tsawo a rana, inda kaji da awaki ba za su kai ba. Kada a goge cikinsa da tsumma. Ƙyallen tacewa kuwa, shi ne abin da aka fi mantawa: a wanke shi da sabulu bayan kowace tatsa, a tafasa shi, a shanya, kuma a mallaki guda 2 ko 3 domin kada a yi amfani da mai danshi. Ki sani kuma mataci yana cire gashi da ƙuda da ɓurɓushin kashi ne kawai. Ƙwayoyin cutar da suka zo tare da su sun riga sun wuce cikin madarar. Ruwan da za a yi duk wannan da shi ya zama irin wanda za ki yarda ki sha.

Yadda ya kamata tatsa ta kasance

A ware wurin tatsa daban da inda shanun ke kwana, ko da taku 10 ne tsakani, wuri mai inuwa wanda ruwa ba ya kwanciya. A kwashe kashi kullum, amma kada a yi shara dab da lokacin tatsa, domin ƙurar da tsintsiya ta tayar cikin bokiti za ta sauka. Idan ƙasar ta bushe sosai a yayyafa mata ruwa. Yaron da ke tatsa ya yanke farce, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya tsane, kuma ya sake wankewa kafin ya koma kan saniya ta biyu. Ranar da yake gudawa, ko tari mai tsanani, ko yana da miki a hannu, wani ya karɓe shi. Ina roƙonki ki yi masa wannan bayani cikin mutunci, ki tanadar masa sabulu da buta da ƙyallaye a wurin, domin na lura yawancin yaran nan ba ƙin tsafta suke yi ba, kayan ne ba a ba su ba, kuma babu wanda ya taɓa zama ya nuna musu.

Gudali da sauran shanunmu masu tozo, irin su Bunaji da Rahaji, galibi ba sa sakin nono sai sun ji maraƙinsu. Don haka a saki maraƙi ya ɗan tsotsa na minti 1 ko ƙasa da haka, a janye shi a ɗaure a gaban uwar inda za ta riƙa lasarsa, sannan a wanke kan nonon. Jerin yana da muhimmanci, domin idan aka wanke kafin maraƙi ya tsotsa, yawunsa zai ɓata wankin. Kan nonon kaɗai za a wanke da ruwan ɗumi, sai idan hantsar ta yi caɓa-caɓa da laka. Jiƙa hantsa gaba ɗaya a bar ta tana ɗiga ya fi rashin wankin muni, domin ruwan datti zai gangaro ta kan nono ya shiga bokiti. Bayan wanki a tsane sosai da ƙyalle mai tsafta, kowace saniya da nata. Ƙyalle ɗaya ga shanu biyu shi ne hanya mafi sauƙi ta ɗaukar ciwo daga wannan hantsa zuwa waccan. A ɗaure jela da ƙafafun baya kada ta watsa ƙasa.

Tsartuwa 2 ko 3 na farko daga kowane kan nono ba sa shiga bokiti. Su ne suka kwana a bakin ƙofa, kuma su suka fi ɗauke da ƙwayoyin cuta. A tatse su a cikin baƙin kofi, ko kofin da aka ɗaura wa baƙin ƙyalle a baki, a duba da ido a wurin haske. Lafiyayyar madara za ta ratsa ƙyallen ta wuce ba tare da ta bar komai ba. Idan aka ga 'yan gudaji kamar tsakin shinkafa, ko zare-zare, ko madarar ta yi ruwa-ruwa, ko ta yi ɗorawa-ɗorawa, ko alamar jini, to wannan sashen na hantsa ya kamu. Kada a tsarta su a ƙasa inda saniya za ta kwanta, kuma kada a tsarta su a tafin hannu.

Wata al'ada da nake yaƙi da ita kullum ita ce jiƙa yatsu da madara, ko ma da yawu, domin hannu ya yi santsi. Duk dattin hannu a nan yake narkewa ya ɗiga cikin bokiti. A tatsa da busasshen hannu, a kama kan nonon da dukan tafin hannu, a rufe sama da babban yatsa da manuni, sannan sauran yatsu su matse ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙasa. Lanƙwasa babban yatsa a danna kan nono da gaɓarsa, ko jan nonon ƙasa da ƙarfi, yana raunata cikinsa ya buɗe ƙofar ciwo. Sinadarin da ke sa saniya sakin nono yana aiki ne na kimanin minti 5 zuwa 8, don haka a yi aikin cikin natsuwa amma ba da jan jiki ba, a lokaci ɗaya kullum, ba duka ba tsawa, domin saniyar da ta firgita tana riƙe nononta.

Bayan an gama, a bar maraƙi ya tsotse ragowar, wannan yana amfanar shi da uwar duka. Idan ya gama a tsoma kowane kan nono a ruwan ayodin da aka yi don wannan aiki, wanda ake samu a shagunan magungunan dabbobi. Ƙofar kan nono takan zauna a buɗe na aƙalla minti 30 bayan tatsa, kuma idan saniya ta kwanta a kan kashi a wannan lokaci ƙwayoyin cuta za su shige kai tsaye. Dabarar ita ce a ajiye mata harawa ko dusarta sai bayan tatsa, ta yadda za ta tsaya a kan ƙafafunta tana ci har ƙofar ta rufe.

Ciwon hantsa da maganinsa

Hantsa ɗakuna 4 ce, kowane da kan nononsa, kuma madarar wannan ba ta shiga wancan, shi ya sa ɗaya zai iya kamuwa sauran suna lafiya. Ciwon da ya bayyana ba ya ɓuya: kumburi, zafi, tauri, saniya ta riƙa harbi idan an taɓa, wani lokaci ta daina cin abinci da zazzaɓi. Wanda ya fi yawa kuma ya fi cin riba shi ne ɓoyayyen, inda hantsa da madara duk suke kamar lafiya, amma nono yana raguwa, madarar tana ɗan gishiri-gishiri a baki, kuma ba ta jure wuta. Wannan ana gano shi da wani faranti mai gurbi 4, a tatsi kaɗan daga kowane kan nono a gurbinsa, a zuba ruwan gwaji a jujjuya. Wanda ya kamu sai ya yi kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ana kiransa gwajin Kalifoniya, ba ya ɗaukar minti 2, kuma duk likitan dabbobi ya san shi.

Idan aka samu mai ciwo, ita ce za a tatsa a ƙarshe, a tatse ɗakin da ya kamu ƙarƙaf sau da yawa a rana, a zubar da madarar inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Da damina a riƙa duba hantsa saboda kaska, domin cizonta a kan nono yakan zama miki, har ya toshe shi gaba ɗaya. Kada a fizge kaska da ƙarfi kanta ya karye a ciki, kuma kada a shafa maganin feshin gona a hantsa ko da wasa. Saniya mai ciki kuma a daina tatsarta kimanin kwanaki 60 kafin ta haihu, domin hantsar ta huta ta gyara kanta.

A nan ne amsar tambayarki ta biyu take iya kasancewa. Ki tambayi yaron ko wani ya yi wa shanun allura a kwanakin nan. Magungunan antibayotik, irin su oksitetrasaikilin da fenisilin, suna fitowa a cikin madara, kuma suna kashe ƙwayoyin kirki masu sa kindirmo ya kama, sai a wayi gari madara na nan tsululu. Tafasawa ba ta kawar da ragowar magani. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a ƙaurace wa madarar bayan allurar ƙarshe, kuma wasu magungunan, kamar allurar aibamektin ta kashe tsutsa da kaska, ba a ma yarda a yi wa saniyar da mutane ke shan madararta ba. Na san zubar da madarar kwanaki yana da ciwo, musamman ga wanda da ita yake cefane, amma wanda ke shan ragowar magani kullum yana koya wa ƙwayoyin cutar jikinsa jure maganin ne, ranar da zai bukace shi a asibiti sai ya ƙi aiki. Wasu mutanen kuma jikinsu ba ya ɗaukar fenisilin ko kaɗan.

Batun jikoki

Hajiya, ina roƙonki don Allah daga yau kada a sake ba yaran madarar da ba a dafa ba, ko da saniyar ta fi kowace ƙiba da sheƙi. Akwai cututtukan da saniya ke ɗauke da su ba tare da alama ba, kuma tsaftar tatsa ba ta hana su, domin daga cikin jikinta suke fitowa. Ɗaya ita ce bakkale, wadda a shanu take jawo ɓari a watannin ƙarshe na ciki, da riƙewar mahaifa bayan haihuwa, da kumburin gwiwa. A mutum kuma zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da baya, har a yi ta shan maganin maleriya da taifot watanni babu sauƙi. Ta biyu ita ce tarin fuka na shanu, wanda ga masu shan ɗanyar madara, musamman yara, yakan fito a matsayin kumburin ƙulluwan wuya ko ciwon ciki mai daɗewa. Ga kuma ƙwayoyin gudawa da ke zuwa daga kashi. Tsamin nono yana rage wasu ƙwayoyin amma ba abin dogaro ba ne a kan waɗannan biyun, don haka nonon da za a dama fura da shi ma daga dafaffiyar madara ya kamata a yi shi. Jaririn da bai cika shekara 1 ba kuwa, madarar shanu ba za ta maye masa nonon uwa ba ko da an dafa.

A masana'antu ana ɗumama madara zuwa digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. A gida, inda babu ma'aunin zafi, a ɗora ta ana juyawa har ta tafaso ta taso, a rage wuta ta ɗan ƙara minti 2 ko 3, a sauke a rufe. A yi wannan cikin awa 1 da tatsa a lokacin bazara, ba a jira sai an gama aikin gida ba, domin akwai ƙwayoyin da idan suka samu lokaci suna zuba dafin da wuta ba ta kashewa. Bayan dafawa a huce ta da sauri ta hanyar tsoma tukunyar a baho mai ruwan randa, ana canza ruwan. Firiji mai riƙe sanyin digiri 4 shi ne mafi kyau, amma da yake wutarmu ba ta da tabbas, kula, wato akwatin riƙe sanyi, mai ƙanƙara a ciki tana aiki, muddin madarar na cikin rufaffen mazubi, ba a jefa ƙanƙarar a cikinta ba. Kada a zuba sabuwar madara mai ɗumi a kan ta jiya mai sanyi.

Kindirmo kuwa, a bar dafaffiyar madara ta huce har ta kai ɗumin da bayan hannu zai jure ba tare da ƙuna ba, a zuba kamar cokali 2 na kindirmo mai kyau a kowace lita, a juya da ludayi mai tsafta, a rufe, kada a motsa shi. Idan aka zuba irin tana da zafi sosai zai mutu. Yauƙin da kika ambata yawanci daga gurɓataccen iri yake, ko daga mazubi da ruwan wanki. Ki zubar da irin da kike juyawa yanzu, ki tafasa kayan duka, ki samo sabo daga wadda kika yarda da tsaftarta.

Abinci ba shi ne ya tsinka madarar ba, amma ki kula da abu biyu. Saniya mai shayarwa a zafin Sakkwato tana iya shan lita 50 na ruwa ko fiye a rana, kuma ƙarancinsa shi ne farkon abin da ke rage nono. Sannan dusa ko ƙuli-ƙuli ko anguryar da ta yi funfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke ratsawa cikin madara kuma tafasawa ba ta lalata ta. Irin wannan a zubar, kada a ce ai dabba ce za ta ci.

Duk abin da na faɗa daga nesa nake faɗa, ban taɓa hantsar shanunki da hannuna ba, kuma ba zan rubuta miki sunan allura ba tare da an gwada madarar ba. Idan gwajin kofunan ya nuna saniya ce, ko kuma ɗaya daga cikinsu ta taɓa ɓari, ki nemi likitan dabbobi na gwamnatin jiha, ko ki tuntuɓi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a yi gwajin hantsa, a ɗebi jini don bakkale. Idan kuma cikin jikokin akwai mai zazzaɓin da ya ƙi ji ya ƙi gani, a kai shi asibiti, kuma a gaya wa likitan a fili cewa yaron yana shan ɗanyar madara.